Sunan da Na Ƙi Gogewa

Aikina zanen taswira ne. Shekara tara ke nan ina yi wa wani kamfanin gine-gine a Doha, a hawa na shida, inda sanyin na'ura ke sa mutum neman rigar sanyi alhali a waje kwalta tana narkewa. Kafin na zo nan, safiyo nake yi a gida. Da kaina nake saɓa ƙarafan awo in shiga daji, kuma duk ƙauyen da na sauka sai an tambaye ni ina mai aikin yake. Nakan ce ga ta nan a gabanku. Tun lokacin bakina ya saba da mayar da amsa, har maigidana yakan ce in za a auna harshena sai igiyar awon ta ƙare.

Teburin da ke jikin nawa na wani dattijo ne ɗan Scotland, daga can tsaunukan arewacin ƙasarsu. Dogo ne, jajir, ba ya son surutu, shayinsa ba sukari. Kowa a ofis hoton iyalinsa yake mannawa a bango, shi kuwa wata tsohuwar taswira ya manna, ta kwarin da aka haife shi, duk ta koɗe ta fara yagewa a wajen ninki. Na sha tsokanarsa a kanta. Nakan ce masa yini muke yi muna kallon taswira, shi kuma in ya ɗaga kai don ya huta, wata taswirar yake kallo. Murmushi kawai yake yi. Sunayen da ke jikinta ba na Turanci ba ne, na Gelik ne, harshen mutanen tsaunin, kuma na yi shekaru ina wuce su ban tambayi ma'anar ko ɗaya ba.

Garinmu ma a gindin duwatsu yake. Babban wanmu, wanda duk muke kira Yaya, shi ne shugaban kwamitin ci gaban gari a lokacin. Gari ya cika, samari sun yi aure suna cunkushe da matansu a gidajen iyaye, sai kwamiti ya yanke shawarar a yanka filin da ke tsakanin rafi da gindin dutse a fitar da fulotai, a ware wajen kasuwa da ɗan asibiti. Rajistata ta safiyo ta gida tana nan da ranta, ina sabunta ta, hatimina yana aiki. Yaya ya ce me zai kai su neman bare alhali ga tasu. Wallahi na ji daɗin maganar nan, kaina ya yi girma. Na ɗauki hutu na je gida a tsakiyar rani, na yi kwana uku ina awo.

A nan na yi kuskuren da ko ɗan koyo bai kamata ya yi ba. Duk mai safiyo ya san ba a yanke wa ƙasa hukunci da rani, domin da rani gona da saura da makiyaya duk kamanninsu ɗaya. Na taka busassun karan kuɓewa, na tsallake jerin ƙananan duwatsu da aka jera da hannu, na kafa na'urata a tsakiyarsu, abin da na rubuta a littafin awo kawai shi ne fili. Ni da aka goye ni a wurin nan. Na dawo Doha na zauna a gaban kwamfuta a lokutan cin abincin rana, na yanka ƙasar garinmu tsaf, layi-layi, na raɗa mata Bulok A har zuwa Bulok F. Zanen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Ina gab da gamawa wata Laraba, dattijon ya zo wucewa da kofinsa ya tsaya a bayana. Ya tambaye ni ina ne wannan. Na ce garinmu ne, da alfahari. Ya nuna gangaren da ke bin bakin rafi da yatsa.

"Nan fa, me sunansa?"

Na ce, "Bulok C."

"Wannan ke kika sa masa. Mutanen wurin me suke ce masa?"

Bai jira ni ba. Ya je ya ɓalle taswirarsa daga bango, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya shimfiɗa ta a kan teburina ya danne gefenta da kofinsa.

Ya fara karanta mini sunayen ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ta canja, ta yi laushi. Allt Dubh, ya ce baƙin rafi ke nan, domin ruwansa ta cikin baƙar laka yake biyowa. Creag an Fhithich, dutsen hankaka. Bealach nan Each, mashigin dawakai, nan ake bi da su a tsallaka tsauni in za a kasuwa. Akwai wani da ya ce ma'anarsa wurin da saniya ke nutsewa, kuma duk yaron kwarin ya san ba a bi ta nan bayan ruwan sama, sunan kaɗai ya ishe shi gargaɗi. Kowane ɗan tudu da kowace ƙorama da sunansu, taswirar ta cika maƙil da rubutu. Sai ya ɗora yatsa a wani wuri can sama, ya ce Àirigh. Ya ce mashekari ne, inda mata da 'yan mata kan hau da shanu in lokacin zafi ya zo, su kafa bukkoki su yi wata da watanni suna tatsa suna kaɗa mai. Kakar kakarsa ta hau, haka aka gaya masa.

Na ce, "Yanzu fa, su wa ke hawa?"

"Barewa," in ji shi. Ya ce in duba da kyau in nemo masa gida a saman kwarin. Na duba, babu ko ɗaya. Ya ce masu ƙasar sun tashi mutane tun zamanin kakanni suka zuba tumaki, domin tumaki sun fi kawo riba. Mutanen ba su da takarda ko guda. Da masu zanen taswira suka zo daga baya, sai suka bi tsofaffin da suka rage suna tambayarsu sunan kowane wuri suna rubutawa. Ya ce shi ya sa yake son takardar nan, kuma shi ya sa take ba shi haushi. Ita kaɗai ce shaidar cewa an yi mutane a wurin, amma ta zo bayan an riga an kore su, ba ta ceci kowa ba.

Ya ɗauki kofinsa, ya sake kallon allon kwamfutata. "Ke naki mutanen suna nan, ko su ma sun tashi?"

Sunan wurin Gayaunar Mata. Na san shi tun kafin in san sunan kaina sosai. A garinmu mata na noma, kuma gangaren nan na bakin rafi nasu ne tun kafin a haifi duk wanda ke raye. Kowace mace da 'yar gayaunarta, wata ba ta fi faɗin tsakar gida ba, an kewaye ta da jerin duwatsu. Kuɓewa, riɗi, gyaɗa, yakuwa, abin miya da abin sayar wa kai. Ba ta shiga rabon gado, ba ruwan miji da ita, uwa ke bar wa 'ya. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a ko'ina, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a yi musu. Mahaifiyarmu tana da tata, a ƙarƙashin wata ɗorawa take kwantar da ni in tana aiki. Da ta rasu, ƙanwarta, Inna, ta ci gaba da riƙe ta tare da tata. Kunya ta kama ni a kujerar nan har na ji zufa a cikin sanyin ofis.

Da na koma gidanmu a unguwar Mu'aither na kira Inna. Na tambaye ta ko ta san abin da na je aunawa.

"An ce hanya za a fitar," in ji ta. "Ba hanya ba ce?"

Na gaya mata gaskiya. Ina jin kukan awakinta ta cikin wayar. Sannan ta ce, "To, injiniya, sannu da aiki. Ashe karatun da kika yi ke nan." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta ba ni sunayen, duka, daga bakin rafi har gindin dutse. Sati biyu tana turo mini saƙon murya, wani tana tuƙa tuwo, wani tana kan hanya tana haki. Dutsen Shanya, faffaɗan falalen da ake baza kuɓewa da barkono su bushe. Rafin Maƙera, inda har yanzu in ka tona sai ka ga kashin ƙarfe. Gangaren Jaki, domin ba jakin da ya taɓa saukarsa da kaya bai tuntsura ba. Tsamiyar Sulhu, wadda tsamiyar ta faɗi tun Inna tana budurwa, amma har gobe in mata biyu sun yi rigima a kan iyaka nan ake zaunar da su. Mashayar Baƙi, inda makiyaya ke shayar da dabbobi ba sai sun nemi izini ba. In ta yi shakkar wani sai ta ce bari ta tambayi wance, washegari ta dawo da gyara da ƙarin tsegumi. Ta kuma lissafo mini gayaunun a jere, ta wance tana jikin ta wance, kamar mai karanto sahun salla. Na koma kan hotunan da na ɗauka lokacin awo, sai ga jerin duwatsun nan ɓaro-ɓaro, suna nan inda suke tun farko, ni ce ban gan su ba.

Na sake zane. Na bar wa Yaya bulok ɗinsa biyar, da kasuwarsa da asibitinsa. Bulok C kuwa na share layukansa, na zana gayaunun yadda suke, karkatattu, wata ta shiga wata. Da farko na sa sunan a gefe, a cikin ɗan akwatin bayani. Dattijon ya leƙo ya girgiza kai. Ya ce a gefe ba wanda zai karanta, in rubuta shi a kan ƙasar kanta, da manyan haruffa, daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Haka na yi. Na buga hatimi na sa hannu na tura wa Yaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar muna tafiya a Corniche, titin bakin teku, ni da maigidana, iska ta ɗan sassauta, jiragen katako na jere a bakin ruwa, sai ga kiran Yaya. Bai amsa gaisuwata ba.

"Mene ne wannan kika turo mini?"

"Taswira ce, Yaya."

"Kada ki raina mini hankali. Kin san in sunan nan ya shiga ofishin filaye za su ce su wane ne matan, a kawo su ɗaya-ɗaya su sa hannu. Kin san ba za su sa ba. Wurin nan shi ne ya fi kowane kyau, shi ke kusa da ruwa, shi mutane ke so. Ki goge ki mayar yadda yake."

Na ce ai yadda yake ɗin ne na mayar.

Ya ce yaran gari ba su da wajen kwana, ni ina zaune cikin sanyi a ƙasar Larabawa ina kare kuɓewa. Ya ce za a ba matan wani wuri a bayan dutse. Na ce bayan dutse tsakuwa ce, shi ma ya sani, kuma tafiyar awa guda ce ga tsohuwa. Ya ce suna ne fa kawai, kalma biyu. Na ce in kalma biyu ce kawai me ya tayar masa da hankali. Muryata ta hau, wasu mata 'yan Indiya da ke tura keken jariri suka waiwayo, maigidana yana ta yi mini alama da hannu in sassauta.

Sai Yaya ya ce, "Wa ya tsaya miki kika yi bokon da kike mini taƙama da shi?"

Shi ne. Shi ya riƙa ɗaukata a keke zuwa makarantar garin gaba, da damina da rani. Shi ya tsaya a gaban baffanninmu lokacin da suka ce karatun ya isa haka. Maganar ta soke ni, kuma ya san za ta soke ni, shi ya sa ya ajiye ta sai ƙarshe. Na zauna a kan dakalin bakin ruwa.

Na ce, "Kai ne, Yaya, kuma har in mutu ba zan manta ba. Amma hatimin nan sunana ne a jiki. Ba zan buga shi a kan takardar da ta ce ba kowa a wurin ba, alhali Inna tana wurin."

Ya ce akwai masu safiyo da yawa a duniya. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ya kashe wayar.

A mota maigidana ya yi mini nasiha, kuma ba zan ce bai yi gaskiya ba. Ya ce na fita haƙƙinsu, na ƙi sa hannu, shi ke nan, in bar wa mutanen gari rigimarsu. Ya ce ni mai zuwa ce sau ɗaya a shekara, ɗan'uwa kuwa ba a sake shi. Na ce na ji. Washegari Asabar na ce ya kai ni Sanaiya, unguwar masana'antu.

Akwai wani shagon buga takardu a can, tsakanin garejin manyan motoci da wajen masu walda, inda kamfaninmu ke buga manyan zane. Na ce wa mai shagon a kan leda mai kauri nake so, irin ta allon talla, wadda ruwa ba ya ci, kuma girmanta ya kai tabarma. Ya dubi zanen ya tambaye ni wane furojet ne wannan. Na ce na innata ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, shi ke nan, madam, gobe." Na naɗe ta na ba wata malamar jami'a da za ta gida hutu, daga birni aka sa taswirar a motar garinmu. Inna ba ta iya karatun boko ba. Na ce mata ba sai ta karanta ba, ta dai ajiye, ranar amfaninta na zuwa.

Yaya ya samo mai safiyonsa. Aka zo aka kakkafa turakun siminti na iyaka a cikin gayaunun, ɗaya a tsakiyar ta Inna. Na kira ta raina a ɓace, sai na tarar da ita cikin nishaɗi. Ta ce ta gode musu, ta daɗe tana neman turke mai ƙarfi, ta ɗaure akuyarta a jiki.

Matan ne suka kai ƙara wurin dagaci, ba ni na sa su ba, ko da yake har yau akwai masu cewa ni ce. Ba na wurin, abin da zan faɗa daga bakin Inna na ji shi, kuma Inna ba ta ba da labari ba gishiri. Ta ce sun ɗauko taswirar a ka, a naɗe, suka shimfiɗa ta a ƙofar gidan dagaci, suka danne kusurwoyinta da takalmansu, suka zauna a bayanta. 'Yan kwamiti suka zo da tasu takardar. Dagaci tsoho ne, idonsa ya yi rauni, bai dubi ko ɗaya ba. Ya ce wa Yaya ya faɗi wurin da ake magana a kai.

Yaya ya ce, "Bulok C, ranka ya daɗe."

Dagaci ya ce shi an haife shi a garin nan, ya yi kiwo a kowane lungu nasa, bai san wani wuri mai wannan suna ba. Ina ne?

Yaya ya ce gangaren nan na bakin rafi. Dagaci ya ce gangare a bakin rafi sun kai biyar, wanne? Yaya ya dubi 'yan kwamitinsa, kowa ya sunkuyar da kai. Ba yadda zai kwatanta wurin a garinmu a gane sai da sunansa.

"Gayaunar Mata, ranka ya daɗe."

Dagaci ya ce, "To, ga matan nan."

Aka cire wurin daga yanka. Da Inna ta zo nan a labarin na yi guɗa a kicin, ni kaɗai, har maƙwabciyata 'yar Sudan ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko haihuwa aka yi. Na ji daɗi, ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Daɗin bai kai awa guda ba saƙon Yaya ya shigo, layi ɗaya. Ya ce na kunyata shi a gaban gari. Na kira bai ɗauka ba. Na zauna a ƙasa a kicin ɗin na yi kuka, domin wannan mutumin shi ne ubana tun da ubanmu ya rasu.

Ashe Inna ba ta gama labarin ba, ta bar mini ɗacin sai washegari. Ta ce kafin a tashi Yaya ya nemi magana. Ya ce tun da al'ada aka tsaya a kai, to a bi ta har ƙarshe. A al'adar, shukar fari mai gayauna ce ke yi da hannunta. Noma da cira da girbi kowa na iya taya ta, amma ranar shuka ita ce za ta riƙe sungumi. Wadda ta bar tata ba ta shuka ba, ta saki. An daɗe ana kau da kai a kan wannan, shi ya sa Inna ke riƙe da ta mahaifiyarmu ba wanda ya ce uffan. Yaya ya ce daga bana duk gayaunar da mai ita ba ta zo ta shuka ba, ta koma hannun kwamiti. Dagaci ya ce wannan ma gaskiya ce, aka shafa fatiha.

Na ce, "Inna, gayauna nawa ce mai ita ba ta gari?"

"Ɗaya ce," in ji ta. "Ya san ta wa yake nufi."

Na fara faɗa. Na ce wannan mugunta ce, na ce ai ita tana nan, ƙanwar mai wurin ce uwa ɗaya uba ɗaya. Inna ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ke kika rubuta da manyan baƙi. Gayaunar Mata kika ce. Matan da ake nufi masu sungumi ne. Ta uwarki taki ce, ba tawa ba. In kina so ki zo, in ba kya so ki faɗa mini tun yanzu in daina zuba mata taki."

Ruwan shuka ba ya ba da sanarwa, kuma wannan ba abu ne da manajan kamfani a Doha zai gane da sauƙi ba. Na je na ce masa ina son hutun kwana goma amma ban san ranar da zai fara ba, sai an kira ni. Ya dube ni kamar na zauce. Ya ce wani ne ba shi da lafiya? Na ce shuka zan je yi. Dattijon, wanda bai taɓa shiga maganar kowa ba, ya ɗago daga teburinsa ya ce shi zai riƙe aikina. Manaja ya watsa hannu ya ce, "Yalla, je ki, kwana goma, kada ya wuce."

Kiran ya zo wata Talata da hantsi. Inna ta ce an yi ruwa kwana biyu a jere, ƙasa ta sha, in na wuce Juma'a ta bushe. Alhamis da safe ina tsaye a gayaunar mahaifiyata, da zanen Inna a ɗaure a ƙuguna, da sungumi a hannu. Ɗorawar tana nan, ta fi yadda na san ta girma. Rabona da sungumi tun ina 'yar shekara goma sha uku. Ana sara, a jefa iri, a rufe da dunduniya, a yi gaba. A ido ba komai ba ne. Kafin rana ta take tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, bayana ya riƙe, kuma matan da ke gayaunun kusa sun samu abin dariya na shekara. Wata ta ce injiniya mai auna ƙasa, ga layinki nan ya tafi kasuwa. Wata ta ce a bar ta, a Qatar haka ake shuka. Na ce su yi ta kansu, kuɓewa ba ta san layi ba. Ba wadda ta karɓi sungumin, domin duk sun san ba a karɓa, kuma sun san akwai masu kallo.

Hanyar gari ta bi ta saman gangaren. Wajen azahar na ji ƙarar babur ya taho, ya rage gudu, ya tsaya daidai saitina. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba. Na miƙe da ƙyar, na share fuska da gefen mayafi, na dube shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, ban san da ita ba. Ya dubi hannuna, ya dubi karkatattun layukan, ya dubi ɗorawar. Na rusuna kamar yadda na saba tun ina yarinya.

Na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya daɗe a tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sannan ya tayar da babur ɗinsa ya wuce. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Inna ta ce daga can gayaunarta, ba tare da ta ɗago ba, ƙasa na bushewa. Na koma na ƙarasa layi huɗun da suka rage.

Damina uku ke nan ina zuwa. An gina kasuwar, an fara asibitin, samari sun tare a Bulok A da B, kuma ina taya su murna da zuciya ɗaya. Duk zuwan da na yi sai Yaya ya biyo ta hanyar nan ranar shuka ya tsaya ya tabbatar ni ce da sungumin, ni kuma sai na rusuna na gaishe shi. Har yau bai amsa ba. Na riga na gaya wa manaja batun hutun bana.